Kabarin Bakin Kwata

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jinƙai. Yabo ya tabbata ga Wanda Ya shimfiɗa ƙasa Ya tsaga koguna a cikinta, Ya yanka wa kowane ruwa iyaka, ba ya ƙetare ta sai da izininSa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabin rahama, da alayensa da sahabbansa. Ya Ubangiji, Ka daidaita harshen mai ba da labarin nan, Ka tsare shi daga ƙari da ragi.

Bayan haka, a yammacin Gashuwa, tafiyar rabin yini ga mai jaki, akwai wani gari na masunta da manoma, ana ce masa Tsamiya Biyu. Kogin Yobe idan ya iso daidai garin sai ya lanƙwashe kamar gwiwar hannu, shi ya sa mutanen wurin ke kiran lungun nan Gwiwa. A nan ruwa ya fi zurfi, a nan kuma yake dukan gaɓa da iyakar ƙarfinsa lokacin cikowa. A kan gaɓar akwai jerin tsofaffin itatuwan giyayya, saiwoyinsu sun sarƙe cikin laka kamar saƙar taru. Bayan itatuwan makabartar gari take.

Limamin garin a wancan zamani Malam Ajimi ne, wani dogon mutum siriri, mai ƙarancin magana, wanda ya daɗe a Gabas yana neman ilimi kafin ya gaji limanci. Kowace safiya, in ya idar da wuridi rana ta ɗago, sai ya ɗauki sandarsa ya gangara Gwiwa. Mutane suka ce Liman na son duban ruwa, shi ma abin da yake faɗa ke nan in an tambaye shi. Amma ba ruwa yake zuwa dubawa ba. A gindin giyayyar ƙarshe, wadda ta fi kowace kusa da kogi, akwai wani kabari shi kaɗai, ba shi da alama sai guntun fasasshen tulu da aka kifa wajen kai. Kabarin Fadimatu ne, 'yarsa ta fari. Ta rasu tana da shekara goma sha bakwai, a shekarar sanƙarau, lokacin da gawa ta yi yawa har makabarta ta cika, masu haƙa suka gangara bakin gaɓa. Ita ce ta ƙarshe da cutar ta ɗauka a garin.

Mai karatu ya san al'adarmu game da ɗan fari. Uba ba ya kiran sunansa, ba ya yabonsa, ba ya nuna a gaban jama'a cewa ya damu da shi. Kunya ce, kuma da ita ake auna nutsuwar mutum. Malam Ajimi ya riƙe wannan al'ada fiye da kowa. Tun da aka yaye Fadimatu aka ba da ita riƙo ga Meram, taubashiyarsa, matar wani masunci. Duk tsawon rayuwar yarinyar bakinsa bai furta sunanta ba. In ta kama dole sai ya ce "yarinyar gidan Meram". Ranar da ya yi mata salla ma ba wanda ya ga fuskarsa ta sauya. Abin da harshe ya kasa, shi ƙafa ke biya kowace safiya.

Kafin zamanin limancinsa, mutanen garin suna da wata rana a shekara da suke kira ranar kafi. In ruwa ya janye, kowane gida zai kawo turaku da damman ƙirare, a kafa su a gindin gaɓar Gwiwa, a danne da laka, a dasa 'ya'yan giyayya a bayansu. Sai dai ba sa soma aikin sai sun yanka baƙar kaza sun zuba gumba da nono a ruwa, wai don mutanen kogi, wato aljanun ruwa. Da Malam Ajimi ya hau limanci sai ya tasam ma abin da wa'azi, ya ce yanka ga wanin Allah shirka ne, kogi ba shi da mai shi sai Mahaliccinsa. Gaskiya ya faɗa, jama'a kuma suka ji. Suka bar kazar, suka bar gumbar. Amma a zukatansu kazar da turakun abu guda ne, don haka suka bar su tare. Shi kuwa bai lura ba, domin ɗan allo ne, ba ɗan ruwa ba. Shekara goma sha huɗu ba a kafa turke ko ɗaya a Gwiwa ba. Tsofaffin itatuwan nan kaɗai suka rage suna riƙe da ƙasa.

A shekara ta dubu ɗaya da ɗari uku da saba'in da huɗu daga Hijira, labari ya zo cewa majalisa a Kaduna ta yi wata doka, ta ba kowace En'e mai kogi a ƙasarta ikon kafa hukumar da za ta gina kwata, wato tashar da jiragen ruwa ke tsayawa a yi lodi, domin arzikin ƙasa ya ƙaru. Ba a daɗe ba aka naɗa Hukumar Kwata ta Tsamiya Biyu. Aka ba da shugabancinta ga Alhaji Madu, wani attajirin gyaɗa da fatu mazaunin Nguru, aka sa Bulaman gari a ciki, aka kuma sa Liman, don a ce da albarkar malamai aka yi.

Cikin bazara Alhaji Madu ya iso bisa doki, tare da malamin safiyo, wani mai suna Saleh, da igiyarsa ta awo. Alhaji mutum ne mai jiki, mai fara'a, mai buɗaɗɗen hannu, ba a san shi da mugunta ba. Aka taru a ƙofar gidan Bulama.

Ya ce, "Jama'a, shekara ashirin da biyar ke nan dogo ya iso Nguru. Ku kuna da kifi, Kano na da yunwar kifi. Me ke tsakani? Rairayi da rani, taɓo da damina. Mota ta kafe kwana uku, banda ta ruɓe a buhu, mai jaki ya saye guminku a wulaƙance. To ga hanya Allah Ya shimfiɗa muku tun kafin a haifi kakanninku, ba ta neman lebura. In ruwa ya kawo, kwalekwale zai ɗauki kaya daga nan ya bi rafuffuka har gindin Nguru. Da na Gashuwa da na ƙauyuka, duk nan za su sauke."

Jama'a suka yi na'am. Malam Ajimi ma ya yi na'am, don maganar ba ta da aibi. Sai da Saleh ya ce ya auna kogin sama da ƙasa, bai sami inda ruwa ke da zurfin ɗaukar babban jirgi ba sai Gwiwa, sannan Liman ya gane inda maganar ta nufa.

Aka ɗunguma aka gangara wurin. Saleh ya riga ya kafa 'yan tsinkayensa ya ja igiya. Duk jerin giyayyar yana cikin igiya: za a sare, a yi ginshiƙan kwata da itacen, a share hanyar jakuna. Makabarta tana waje, ba a taɓa ta ba. Abu ɗaya kaɗai igiyar ta haɗiye.

Saleh ya ce, "Ranka ya daɗe, akwai wani tsingaro a gindin bishiyar can ta ƙarshe. Ban sani ba ko kabari ne, ko mata masu ɗiban ruwa suka fasa tulu."

Alhaji Madu ya daina murmushi. Ya ce, "Subhanallahi. Jama'a, in akwai mai mamaci a nan ya faɗa. Wallahi sai mu bar itatuwan gefen nan, mu ja igiya baya taki talatin. Ba za mu nemi arziki a kan ƙashin Musulmi ba."

Babu mutumin garin da bai san kabarin ba, amma wa zai yi magana a kan ɗiyar mutum alhali ubanta na tsaye? Kowa ya sunkuyar da kai yana jiran Liman. Liman kuwa yana jiran wani ya ɗauke masa. Yaya shi, da furfurarsa da rawaninsa, a gaban baƙi, a gaban waɗanda yake ja salla, zai buɗe baki ya ce 'yata ce, ta fari? Ya ga kamar dukan idanun nan za su ɗago su ga abin da ya ɓoye shekara da shekaru.

Alhaji ya ce, "Allah gafarta Malam, kai ka san makabartar garinka."

Malam Ajimi ya ce, "Makabartar gari tana daga sama, bayan itatuwa."

Bai yi ƙarya ba, Allah Ya gafarta masa, amma ya san abin da ya bari. Mutanen gari suka ce a ransu, tun da mai abu ya yi shiru, ya yafe ke nan. Aka koma ƙofar Bulama, aka karanta ƙa'idodin hukuma, ciki har da cewa duk ƙasar da ke cikin igiya ta koma hannun hukumar, ba mai haƙa ko kafa wani abu a cikinta sai da takardar shugaba. Malam Ajimi ya sa hannu da ajami, ya shafa fatiha.

Kashegari ya bi ta ƙofar gidan Meram. Mijinta ya daɗe da rasuwa, ita ke bandar kifinta da kanta. Tana tsugune gaban tanda, hayaƙi na tashi, ba ta ko ɗago kai ba.

Ta ce, "A'a, ga bawana ya zama ɗan hukuma. An ba ka alkyabbar, ko sai an gama saran itatuwan?"

Ya ce, "Ya Meram, ki ji tsoron Allah. Gaisuwa na tsaya yi."

"Ka gaida igiyar Saleh, ita ce 'yar'uwarka yanzu. Ni na goya Fadimatu, ni na yi mata kitso, ni na rufe mata ido. Kai da ka haddace izu sittin, suna ɗaya ya fi ƙarfin bakinka."

Ya dubi ƙasa. Ya ce, "Ba za a tona wurin ba. Ginshiƙan daga gaba za a kafa su, cikin ruwa. Na tambaya."

Sai ta miƙe, ta goge hannu a zane. Ta ce, "Wa ya ce maka mutum ne zai tone ta? Kogi ne zai tone ta. Kana tsammani gaɓar nan da addu'arka take tsaye? Saiwa ce ke riƙe da ita, da turakun da iyayenmu suka binne. Ka kori kazar, ka kyauta, ni ma ban taɓa son asarar kaza ba. Amma wa ya ce ka kori turakun?"

"Ban hana kowa kafa turke ba."

"Ba ka hana ba, ba ka ce a yi ba. Sana'arka ke nan, Ajimi."

Ya tafi. Ya yi niyyar ya tayar da maganar a zaman hukuma na gaba, amma kafin zaman ya zo masu gatari sun iso. Kwana shida ana sara. Giyayyar ƙarshe ita ta fi ba su wahala. Da ta faɗi, ƙasa ta girgiza har tsingaron ya karkace. Washegari da safe ya zo ya daidaita shi da kan sandarsa, kamar mai ture wani abu daga hanya.

Damina ta faɗi, ruwan farko ya iso, kwata ta fara aiki. Kada a rage wa abin alherinsa: jirage suka riƙa zuwa daga Gashuwa da ƙauyukan ƙasa, bandar da a da ke ruɓewa ta isa Nguru da ƙamshinta, gishiri da atamfa suka yi sauƙi, matan gari suka samu kasuwar tuwo da ƙosai. Mutane suna sa wa Alhaji Madu albarka. Aka ajiye wani ɗan doka mai suna Modu yana gadin wurin. Jakuna suna wucewa da kaya taki uku daga kabarin, masu kora ba su san da shi ba.

Amma kogin nan namu ba da ruwan samanmu yake cika ba. Ruwan Kano da na ƙasashen kudu ne ke taruwa ya gangaro a hankali, sai damina ta yi nisa, wani lokaci ma sama ta washe, sannan ya iso da nauyinsa. A shekarar nan masunta suka fara ganin abin da ba su so. Ruwa ya yi ja, yana ɗauke da kumfa da tsumman rufin ɗaki na garuruwan da ba a sani ba. Tururuwa suka kwashe ƙwansu daga bakin gaɓa suka hau tudu. Kututturan giyayyar suka bushe, saiwoyin da ke leƙowa daga gaɓa suka yi laushi, in an ja sai su tsinke a hannu.

Wata safiya Malam Ajimi ya ga wata tsaga a ƙasa, siririya kamar zare, ta taso daga bakin ginshiƙan kwata, ta zagaya ta bayan kabarin, ta koma gaɓa. Ta raba kabarin da sauran duniya. Kwana biyu sai yatsa ya shiga. Kwana huɗu ya zura sandarsa, ta nutse har rabi ba ta taɓa komai ba, wani sanyi na fitowa daga ciki.

A ranar ne Bubayero, wani Bafillace da ya saba kiwo a fadamar yamma, ya ratso gari da shanunsa wata guda kafin lokacin da ya saba. Ya tsaya gaida Liman.

Ya ce, "Modibbo, ban taɓa ganin irin ruwan bana ba. Inda nake ɗaure 'yan maruƙa bara, yanzu sai da gora ake ƙetarewa. Shanu sun ƙi kwanciya, fuskarsu na arewa. Wannan da kuke gani ba shi ba ne, ɗan aikensa ne."

"Kwana nawa kafin ya iso?"

Bubayero ya lissafa da yatsu. "Yadda ya saba tafiya, kwana tara. Amma bana ban san shi ba."

Malam Ajimi ya koma gida ya buɗe littattafansa, ko da yake ya san hukuncin. Malaman fiƙihu sun halatta a ɗauke mamaci daga kabarinsa a mai da shi wani wuri idan ana tsoron ruwa ya ci shi, muddin ba a keta mutuncinsa ba. Bayan azahar ya gaya wa jama'a cewa za a ɗauke kaburburan layin ƙasa, na kusa da kogi, a kai su tudu. Aka fito da fatanya da sabon likkafani. Meram ta riga kowa zuwa, ta nufi kututturen ƙarshe, biye da ita mazaje biyu daga danginta. Modu ɗan doka ya sha gabansu.

Ya ce, "Iya, ki yi mini rai. Daga igiya zuwa sama ku haƙa abin da kuke so. Daga igiya zuwa ruwa, sai na ga takarda. Ni ma Musulmi ne, amma in gaɓar nan ta zube aka ce haƙar da na bari aka yi ce ta zubar da ita, wuyana za a kama. Ga Liman nan, da hannunsa a ƙa'idar."

Meram ta juyo ta dubi Malam Ajimi. Ta ce, "Ka ce masa ya kauce. Kalma ɗaya. In ka faɗa, duk garin nan zai tsaya bayanka."

Ya ce, "Na sa hannu, na shafa fatiha a kai. Alkawari ne. Nguru kwana biyu ce, da dawowa huɗu. Bubayero ya ce tara."

"Bubayero ya ce bai san shi ba!"

Bai saurare ta ba. Ya bar na'ibinsa a kan aikin makabarta, ya ari dokin Bulama, ya kama hanya.

Ya isa Nguru da hantsin rana ta biyu. Garin ya cika da hayaniya, buhuna jibge a bakin tasha, 'yan dako na gudu, jirgin ƙasa na huci. Ya ji fasinjoji suna ba da labari cewa jirgin ya makara kwana guda, don ruwa ya hau kan dogo a wani wuri can yamma, sai da aka jira ya sauka. Wani ya ce ya ga rumbuna suna yawo kamar ƙwarya. Malam Ajimi ya wuce da sauri.

Ya sami Alhaji Madu a rumfar sitonsa. Alhaji ya miƙe da murna, ya sa aka shimfiɗa buzu, aka kawo ruwa. Liman bai sha ba. Ya faɗi abin da ya gani na tsagar ƙasa, ya ce yana son takardar izinin haƙa a cikin igiya.

Alhaji ya ce, "Haƙar me, Allah gafarta Malam?"

"Tsingaron nan da Saleh ya gani. Kabari ne."

"Inna lillahi! Na waye?"

Malam Ajimi ya ce, "Tawa ce."

Alhaji ya saki baki. "Taka? Malam, a gaban kowa na tambaye ka. Na rantse zan ja igiya. Taki talatin, me zai rage ni da shi?"

"Ta fari ce."

Alhaji Madu ya gane. Shi ma yana da ɗan fari da bai taɓa kiran sunansa ba. Bai ƙara tambaya ba. Ya kira magatakardansa ya rubuta takardar nan take, ya buga hatimi, ya ce a ɗaura wa nasa dokin sirdi, don na Bulama ya gaji. Da suka zo rabuwa ya riƙe linzamin ya ce, "Malam, kada ka bi ta fadama. Ka bi ta tudu ko da ta fi nisa. Allah Ya sa ka riga ruwan."

Hanyar da ya bi jiya ta zama tafki. Ya zagaya ta arewa, ta cikin jigayi, yana hango ruwa a damansa yana tafiya tare da shi, shiru, yana cin gonakin gero ɗaya bayan ɗaya, alhali sama tas, babu ko ɗigon hadari. Duk inda ya tsaya salla, in ya sallame sai ya ga ruwan ya wuce shi. Kwana biyun suka zama uku.

Da hantsi ya shigo Tsamiya Biyu, bai sauka a gida ba. Duk garin yana Gwiwa. An kwashe layin ƙasa na makabarta, mutum talatin da ɗaya, an kai su tudu. Kogi ya cika ya batse, ya hau kan katakon kwata, jirage duk an janye su. Meram da wasu tsofaffin mata suna cikin ruwa har ƙugu daga gefen sama, waje da igiya, suna cusa damman ƙirare a gindin gaɓa, ruwa na fizge su ɗaya bayan ɗaya. Tsagar nan ta buɗe har sai an yi tsalle. Guntun ƙasar da kabarin ke kai ya ɗan sunkuya wajen kogi, da kututturen, da tsingaron a kife yadda ya bar shi.

Ya miƙa wa Modu takarda. Modu bai ko buɗe ta ba, ya cire igiyar da hannunsa, idonsa ya yi ja. Mazaje suka matso da fatanya, suka tsaya suna duban Liman, don ba a taɓa kabari sai ya yi umarni ya ambaci mai shi.

Malam Ajimi ya tsaya a bakin tsagar. Ya ɗaga murya yadda yake ɗaga ta a Idi, ya ce, "Wannan kabarin Fadimatu ne, 'yata ta fari. Ni na yi shiru ranar da aka tambaya. Ku taimake ni ku ɗauko mini ita."

Ba a taɓa jin haka daga bakin dattijo a garin nan ba. Wasu mata suka rufe fuska. Mazaje huɗu suka tsallake tsagar, suka yi bisimilla, suka fara haƙa da sauri. Ƙasar ta jiƙe, tana manne wa fatanya. Sun kai kamu biyu, kan fatanyar ɗaya ya taɓa itacen da aka jera bisa gawa.

Sai Meram ta fito daga ruwa tana ɗaga hannu. Ta ce, "Ku yi shiru! Ku ji!"

Aka yi tsit. Daga ƙarƙashin ƙasa wani sauti na fitowa, ƙas, ƙas, ƙas, kamar ana tsinke igiyoyi ɗaya bayan ɗaya. Matattun saiwoyin giyayya ne ke rabuwa.

Ɗaya daga cikin masu haƙar ya ce, "Malam, saura kaɗan! Kamu ɗaya!"

Malam Ajimi ya dubi ramin. Ya ga gefen itacen, ya san abin da ke ƙarƙashinsa. Ya dubi mutanen huɗu. Ya san iyayensu, shi ya raɗa wa 'ya'yansu suna. Meram tana dubansa.

Ya ce, "Ku fito."

"Malam..."

"Na ce ku fito! Ba a fansar matacce da mai rai. Ku bar fatanyun, ku tsallako!"

Suka tsallako. Na ƙarshensu sai da aka fizgo shi da hannu, don tsagar ta riga ta fi ƙarfin tsalle. Ƙasar ba ta faɗi da ƙara ba. A hankali ta sunkuya, kamar raƙumi zai durƙusa, ta zame da kututturen da fatanyu huɗu da ginshiƙai uku na kwata. Ruwa ya buɗe ya karɓa, ya yi wani jan kumfa, ya rufe. Ba a jima ba wurin ya koma kamar ba a taɓa yin ƙasa a nan ba.

Jama'a suka ɗauki salati. Malam Ajimi ya tsaya da sandarsa yana duban inda ruwa ke juyawa. Ya ce, "Daga Allah muke, gare Shi muke komawa. Wanda Ya halicce ta Ya san inda take." Sa'an nan ya zauna a laka da rawaninsa.

Meram ta zo ta tsuguna nesa kaɗan da shi, zanenta na ɗigar ruwa. Can ta ce, "Ka kira ta dai. Na ji da kunnena."

Ya ce, "Ba ta ji ba."

Masunta suka bi kogin da jirage kwana uku, har gaban Gashuwa, ba su sami ko ƙyallen likkafani ba. Ruwan shekarar ya cinye abin da ya rage na kwatar, ya ci taki goma sha biyu na tsohuwar makabarta, inda Allah Ya sa an riga an kwashe. Da rani hukuma ta sake gina kwata daga ƙasa da gari, a wuri mai tauri, ko da yake manyan jirage ba sa iya tsayawa a nan sai ruwa ya cika sosai, cinikin bai koma kamar na farko ba.

Da ruwa ya janye, ranar wata Juma'a bayan an sallame, Malam Ajimi ya ce kowane gida ya kawo turaku da ƙirare gobe da safe. Ya tuɓe rawani, ya naɗe wando, ya shiga laka, Meram na tsaye a kan gaɓa tana nuna masa inda zai kafa, tana ce masa ko turke bai iya riƙewa ba. Da sunan Allah aka fara, ba kaza, ba gumba. Ya yi haka shekara bakwai kafin ya rasu. 'Ya'yan giyayyar da aka dasa, wasu sun kama, da yawa ruwa ya tafi da su, kuma kogi bai daina cin Gwiwa ba, sai dai ya rage sauri. Har ya bar duniya yana gangarawa wurin kowace safiya. In baƙo ya tambaye shi abin da yake dubawa, ba ya ƙara cewa ruwa.

Ya Allah, Ka jiƙan Fadimatu a inda Ka ajiye ta, Ka tattaro ta ranar da za Ka tattaro abin da ƙasa da ruwa suka ɓoye. Ka jiƙan Malam Ajimi da Meram, da waɗanda aka ɗauke zuwa tudu, da dukan Musulmin da kabarinsu ya ɓace wa masu rai bai ɓace maKa ba. Wanda ya karanta wannan, Ka gafarta masa da mahaifansa, Ka buɗe bakinsa a ranar da shiru zai cuce shi, Ka sa ya cika da imani. Amin.